Maƙogwaron Umma

Aikina duba ƙwayoyin cuta ne a ɗakin gwaji na wani asibiti a Bronx, cikin birnin New York. Ba na ganin marasa lafiya, abin da ya fito daga jikinsu nake gani: jini, majina, fitsari, da audugar da aka lakato daga maƙogwaro. In shuka su a faranti, in saka a ɗumi, washegari in zo in ga abin da ya tsiro. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, wadda muke kira Umma, ta daɗe tana cewa an kai ni Amurka karatu na ɓuge da noman ƙazanta. Ban taɓa iya musa mata ba, don kusan hakan ne.

A duk shekarun da na yi ina wannan noma ban taɓa cin karo da ƙwayar mashaƙo a jikin wani mutum ba. A garin nan rigakafi ya mayar da ita labari. Sau ɗaya na gan ta, tun ina ɗaliba, ranar da wata tsohuwar malamarmu ta zo da ita a rufe, ta jera mu muna leƙawa a madubin ƙara girman abu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan sanduna ne siri-siri masu kumburin kai, sun sha shuɗin rini, sun watse kamar an ɓarar da kwalin ashana. Ba su ba ni tsoro ba. In faɗi gaskiya ma, kyau suka yi mini.

Malamar nan ce ta ba mu labarin mutanen da suka fara farautar wannan ƙwaya, sama da shekara ɗari da suka wuce, lokacin da mashaƙo kan shiga gida ya ɗauki yaro na biyu ba a tashi daga makokin na farko ba. Wani likita ne ya fara hango ta a cikin yanar nan mai ruwan toka da ke toshe maƙogwaron yara. Wani kuma, Bajamushe, ya zauna ya yi ta fama har ya iya rainon ta ita kaɗai a cikin kwalba, a kan ruwan jinin da ya dafa ya daskare. Ya sa wa ɓerayen Masar, suka mutu. Da ya feɗe su sai ya tarar ƙwayar ba ta je ko'ina ba, tana nan inda ya sa ta, amma kayan ciki duk sun lalace. Ya ce lallai akwai dafin da take zubarwa yana bin jini. Daga baya wasu a Faransa suka tace ruwan da ta girma a ciki har babu ƙwaya ko ɗaya, ruwan nan shi kaɗai ya kashe dabba, maganarsa ta tabbata.

Amma ni abin da ya kama zuciyata wani ɗan guntu ne a labarin. Bajamushen nan yana dab da cewa ya kama mai laifi, sai ya duba maƙogwaron wasu yara masu lafiya don ya kwatanta, ya sami ƙwayar a bakin ɗaya daga cikinsu, yaro garau, ba zazzaɓi ba tari. Da wani ne da ya share wannan ya yi gum, wa zai sani? Shi kuwa ya rubuta, ya ce saboda wannan da wasu dalilai ba zai iya yanke hukunci cewa ita ce sanadi ba. Sai daga baya, a nan New York ɗin da nake zaune, da ma'aikatan lafiya suka riƙa ajiye kwalaben gwaji a shagunan magani, likitoci suna ɗauka suna lakato maƙogwaron mutanen gidan da cutar ta shiga, aka ƙara gane cewa mutum yana iya yawo da ita lafiya lau, yana rabawa bai sani ba. Na ƙaunaci Bajamushen nan saboda gaskiyarsa. Na ba maigidana labarinsa har ya haddace, da na ɗauko sai ya ce to, ga surukin nawa Bajamushe ya dawo. Shi kuwa yaron nan mai lafiya, ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba.

Shekarar da mashaƙo ya ɓarke a Kano ina da tsohon ciki, na farko, bayan mun daɗe muna jira. Yayana da iyalinsa suna zaune gida ɗaya da Umma tun rasuwar Baba. Ɗansa na biyu, tun da aka kai shi ɗakin Umma yaye, ya ƙi komawa wurin uwarsa. Maigida take ce masa, shi kuma ya ce mata tsohuwa, kullum suna cikin rigima a kan cefanen da bai kawo ba. Kofinsu ɗaya. In nama ya yi masa tauri ita ke tauna masa da ragowar haƙoranta. Safe da yamma kuma ga tofi: ta karanta abin da za ta karanta, ta tofa a tafin hannu, ta shafe shi daga kai har ƙafa, ta ƙarasa da hura masa iska a fuska, shi kuma ya runtse ido yana ƙyalƙyala dariya. Haka ta yi mana mu ma da muna yara. Har yau in na ji ƙamshin kanumfari a bakin mutum sai na ji kamar in runtse ido.

An fara yi masa rigakafi yana jariri, ba a ƙarasa ba. Ba ƙi aka yi ba. Lokacin kullen korona ne, aka ce a bari gari ya buɗe, da gari ya buɗe kuma aka shiga wasu hidimomin, tunda yaro yana ta girma abinsa.

Da ɗan zazzaɓi ya fara, da ƙin cin abinci. Aka ce mura ce. Wuyansa ya kumbura, aka ce hangum ne, ai ana ta yi a unguwa. Umma ta ba shi zuma da lemon tsami, ta ninka tofi. Ni kuwa ba wanda ya gaya mini, wai kada a tayar wa mai ciki hankali a kan ciwon wuya. Wannan kada a tayar mata da hankali, har gobe in na tuna shi sai na ji kamar in fasa wani abu. Sai da numfashinsa ya fara fita da ƙara sannan aka kwashe shi zuwa asibiti. An samu an ba shi maganin karya dafi, maƙogwaron ma ya buɗe, amma dafin ya riga ya isa zuciya. Ya yi kwanaki kamar zai tashi, har ya ce a kawo masa takalminsa. Wata safiya ya cika, bai rufa shekara huɗu ba.

Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin titin Grand Concourse zan tafi aiki yayana ya kira ni. Jirgi ya zo ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya wuce, ina tsaye da waya a kunne. Wata mata da ban sani ba ce ta kama hannuna ta zaunar da ni a benci.

Ana cikin zaman makoki ma'aikatan lafiya suka zo suka lakato maƙogwaron kowa a gidan. Da sakamako ya fito, mutum ɗaya aka samu da ƙwayar. Yarinyar da ta kawo saƙon ba mugunta ta yi ba, gajiya ce da ƙuruciya. Ta tsaya a tsakar gida, ga mata 'yan gaisuwa maƙil, ta tambaya wace ce Hajiya, aka nuna mata Umma, ta ce ita ce ke ɗauke da cutar, ga magani ta sha, kuma kada ta raɓi yara sai ta gama.  Matar yayana ta ce mini Umma ta karɓi maganin da hannu biyu, ta yi godiya, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ba wanda ya zarge ta. Matar yayana, ita da aka yi wa rashin, har ɗaki ta bi ta, ta durƙusa ta ce kwanansa ne ya ƙare. Umma ta ce haka ne. Ta shanye maganinta tas, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Amma daga ranar ta ware kofinta da kwanonta, in sauran jikokin suka nufo ɗakinta sai ta aike su wani wuri.

Takardun zuwanta yi mini zaman jego an riga an gama su tun kafin wannan. Na zaci ba za ta zo ba, ta ce alkawari ne. Maigidana ya ɗauko ta daga filin jirgin JFK ina da kwanaki kaɗan da haihuwa, namiji na samu. Ina jin tsayuwar lif na taso da shi, na tsaya a bakin ƙofa. Ta shigo da takunkumi a fuska, ta rame har mayafi yana neman ya fi ƙarfinta. Na miƙa mata shi, kamar yadda na yi shekaru ina gani a raina. Sai ta mayar da hannuwanta cikin mayafi. Ta leƙo shi daga inda take, ta ce masha Allah, Allah ya raya, ta ce tafiya ta ɓata mata jiki, bari ta yi wanka tukuna. Ta yi wankan, ta rama sallolinta, ta ci abinci a kwanon da ta fito da shi daga jakarta, ba ta karɓi yaron ba.

Gidanmu a unguwar Mount Hope ɗaki biyu ne da falo, a can sama, wurin da ba ka iya juyawa ba ka gogi wani ba. A cikin wannan matsatsi Umma ta iya zama wata da watanni ba ta bari numfashinta ya sauka a kan jikanta ba. Kuma ba zaman banza ta yi ba. Ita ke dama kunun kanwa, ita ke farfesu, ita ke tafasa ruwa a manyan tukwane ta gasa ni da tawul tunda babu ganye, har sai na yi ta roƙonta ta sassauta. Kayan jariri kuwa ta hana a kai su injin wanki na ƙasa, wai ba ta san wanda ya sa nasa a ciki ba. Da hannu take wanke su a kwamin wanka, ta shanya a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, ta ninke su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa. Na sha kama ta tana riƙe da 'yar rigarsa fiye da yadda ninki ke buƙata.

Wankan jariri, wanda shi ne aikin kaka, wata maƙwabciyarmu ce ta ɗauka, 'yar Zango daga Kumasi ta ƙasar Gana, mai aikin kula da tsofaffi. Takan shigo da safe kafin ta wuce aiki ta yi masa, Umma tana tsaye a bakin ƙofar banɗaki tana ba da umarni: a tallafi kan da kyau, a gasa cibiyar, a miƙe ƙafafun, ruwan ya huce da yawa a ƙara. Wata rana matar nan ta gaji, ta ɗago da Hausarta ta Zango ta ce, "Hajiya, kai ne ka san aikin nan pass kowa. Zo ka kama jikanka mana, ni ina yin late." Umma ta ce hannunta ne ke ciwo. Hannun da ya gama matse zannuwan gado ke nan.

Ranar suna gida ya cika, 'yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Gana, takalma har kan matakala. Mata suka yi ta tsokana, ga sabon ango ina amaryar ta shiga, ta fito ta karɓi mijinta. Umma tana kicin a gefen taga, ta ɗan buɗe ta duk da sanyin da ake zubawa, tana zuba wa mutane abinci. Ta yi musu dariya ta cikin takunkumi ta ce ta tsufa da aure. Ko sau ɗaya ba ta kira shi maigida ba. Yaron nan take cewa.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya san wannan, jego kuma ya ƙara mini. Na fara da lallashi, na koma bayani, na ƙare da faɗa. Na ce maganin da ta sha ya kashe ƙwayar tuntuni. Na ce an yi mini allura ina da ciki, kariyar ta shiga jikinsa, shi ma kuma za a fara yi masa tasa. Na ce ni fa wannan ne aikina, ba a rediyo na ji ba. Duk abin da na faɗa sai ta ce to. Wannan to ɗin ta Umma ta fi musu ciwo, don musu aƙalla kana da abin kamawa.

Da na ga haka na sa ta a gaba muka je asibiti, aka lakato maƙogwaronta, na roƙi abokan aikina su shuka shi a farantin da ya dace, don ba kowane ne ke nuna ƙwayar ba. Babu komai. Na dawo gida da murnata kamar wadda ta ci jarrabawa, na ce Umma kin fita, tas kike. Ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta ce ai wancan karon ma lafiyarta ƙalau, ko ƙaiƙayi ba ta ji a wuya ba. Ta ce yau babu, ta yarda, amma da can ma akwai ranar da babu, sannan abin ya shigo, ba ta ji shigarsa ba, in ya dawo wa zai gaya mata? Na ce a garin nan ina zai samo ta? Ta ce to. Na shiga ɗaki na rufo ƙofa da ƙarfin da ya tayar da yaro daga barci.

Wata rana da la'asar tana tsintar wake a teburin kicin, ni ina can ɗaya gefen ina shayarwa, sai dabara ta faɗo mini, a ganina. Na ce bari in ba ta labarin Bajamushena, ta san ba ita ce farau ba, halin cutar ne tun ranar da aka gano ta. Na ba ta tun daga kwalba da ɓerayen Masar har zuwa dafin da aka tace. Ta saurara sosai, har tana cewa ikon Allah. Da na zo kan yaron nan mai lafiya da aka sami ƙwayar a bakinsa, sai hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Shi yaron, yana da ƙanne?" in ji ta.

Na ce ban sani ba, ban taɓa ganin inda aka faɗa ba.

"Uwarsa fa, an gaya mata?"

Nan ma na ce ban sani ba. Ta ce Allah sarki, ta ci gaba da tsinta. Shekara nawa ina yawo da labarin nan a baki, ina yabon mutumin da ya rubuta gaskiya, ban taɓa tambayar gidan da yaron ya koma da yamma ba, ko wa ya kwana kusa da shi.

Can ta ture farantin waken gefe. Ba ta kalle ni ba, tagar take kallo.

"Ke da aikinki ke nan, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ni na ba shi, ko shi ya ba ni?"

Na yi sauri na ce ya fi yiwuwa shi ɗan yayan nawa ne ya ɗauko. Yaro ne mai shiga cikin yara, cutar kuma ta cika unguwa, ita kuwa ta yi jinyarsa fuska da fuska, ba mamaki a nan ta samu. Kuma ba ƙarya na yi ba, haka nake gani har yau. Ta gyaɗa kai ta ce ya fi yiwuwa, ta ji. Amma zan iya dafa Alƙur'ani a kan haka? Kafin in buɗe baki ta gaya mini abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce ana saura kwanaki ya kwanta, ta je gaisuwar jikar wata ƙawarta da ta rasu da ciwon wuya. Ta rungumi uwar yarinyar suka yi kuka tare, ta sha ruwa a gidan, ta dawo dab da magariba ta tarar da shi yana jiranta a zaure, ta yi masa tofin yamma.

 Duk madubin da ke ɗakin gwajinmu, da injinan da suka fi ni tsada, babu wanda zai iya nuna wa ya riga wani. Na so in ce mata na rantse ba ke ba ce. Bakina ya ƙi, ita kuma tana kallon bakin nawa. Daga ƙarshe na ce Umma, ba wanda ya sani sai Allah.

"To kin gani," ta ce. "Da kin ce ni ce, da na san istigfarin da zan yi. Da kin ce ba ni ba ce, da na yi barci."

Ta jawo farantinta ta ci gaba da tsintar wake. A ranar na ji haushin Bajamushen nan da gaskiyarsa, na ji haushin malamar da ta koya mini son shi, na ji haushin kaina fiye da kowa. Zuciyata ta karye a kujerar nan, ina riƙe da ɗan da na yi shekaru ina roƙo, uwata tana nesa da ni da tsawon tebur ɗaya.

Bayan na yi arba'in yaron ya shiga wani irin kuka na ciwon ciki, kullum da yamma. Wata rana ya ƙi nono, ya ƙi jijjiga, ya ƙi komai, maigidana ba ya nan, na zauna a bakin gado ni ma na fashe da nawa kukan. Umma tana bakin ƙofa, ta matsa gaba ta ja da baya, ta matsa gaba ta ja da baya. Sai na ga ta ɓace. Ta dawo da zani da majanyi, ta juya mini baya, ta duƙa.

"Ɗora mini shi. Numfashi gaba yake tafiya, ba ya komawa baya."

Na so in ce mata ba haka iska take aiki ba, Allah ya taimake ni na kama bakina. Na ɗora shi. Ta ja zani ta ɗaure, ta sa majanyi, ta tallafe shi da hannu ɗaya ta baya, ta fara takawa daga falo zuwa kicin tana ɗan rausaya. Kafin ta kai ta dawo ya yi tsit.

Daga ranar bayanta ya zama gidansa. Da na koma aiki, maigidana da yake yawancin aikinsa a gida yake yi a kan kwamfuta, shi ke ba shi madara ya canza masa ƙunzugu, sannan ya ɗora mata. Ya ce ya zama ɗan kamasho a tasha, aikinsa lodi da sauke lodi. Da sanyi ya ja baya ta fara sauka da shi, ta bi Grand Concourse a hankali har wurin bencinan da tsofaffin unguwa ke zama, matan Afirka suna gaishe ta suna leƙa goyon, Turawa da masu magana da Sifaniyanci suna kallon yadda yaro ke zaune daram ba igiya ba ƙarfe. Na taɓa biyo bayansu daga tasha ba ta sani ba. Duk shagon da ta zo wucewa mai gilashi sai ta rage tafiya, ta juya gefe, ta kalli fuskarsa a ciki.

A gida ma haka. Akwai dogon madubi a jikin kabad ɗin ɗakinta, nan take tsayawa a karkace, ta ɗaga masa gira, ta zaro ido ta saman takunkumi, shi kuma ya yi ta wuntsila ƙafa a cikin zani. Dariyarsa ta farko a madubin nan ya yi ta, ba ni ya yi wa ba, ba ubansa ba. Na ji daɗi, na kuma ji ciwo, don na san abin da hannuwan nan da bakin nan suka iya, ga shi duk an tattara an bar wa gira.

Lokacin komawarta ya zo daidai da gama allurarsa ta farkon watanni. Na dawo da shi daga asibiti na nuna mata filastar da ke cinyarsa, na ce an kammala na yanzu, jikinsa ya san ƙwayar, ya san yadda zai yi da dafinta. Ta yi hamdala har da ɗaga hannu. Ta sa na kira yayana a take, ta ce ya kwashi sauran yaran gidan gobe-goben nan a duba ko akwai wanda tasa ba ta cika ba. Amma takunkumin yana nan, ni kuma na riga na daina roƙo.

Ranar tafiya da azahar, akwatuna suna bakin ƙofa, maigidana ya sauka ɗauko mota. Umma ta gama shiri, ta zauna a bakin gado ta ce in buɗe taga duka. Na buɗe, ƙarar titi ta shigo.

"Kawo shi," ta ce. "Kada ya girma bai san fuskata ba."

Na tsaya ban gane ba. Ta juya wajen taga ta ja iska, ta ja, har ƙirjinta ya ɗaga, ta rufe baki. Sannan ta sauke takunkumin zuwa haɓa, ta miƙo hannu biyu.

Na sa mata shi. Rabon da in ga fuskar uwata gaba ɗaya har na manta. Bakinta ya shige ciki, igiyar takunkumi ta yi mata shaida a kumatu. Yaron ya ɗaure fuska yana kallon wannan baƙuwa, leɓensa ya fara rawa zai yi kuka. Sai ta ɗaga masa gira. Ya gane ta. Ya washe baki, ya kai hannu ya damƙi leɓenta na ƙasa yana ja.

Ba ta numfashi. Na ce Umma ki yi numfashi, don Allah, don Annabi, ba abin da zai same shi. Ta girgiza kai ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Tana kallon goshinsa, da hancinsa, da kunnuwansa, da sauri da sauri. Jijiyar wuyanta ta tashi, hawaye suka zubo suka bi ta kan hannunsa. Ta kai goshinta ta jingina da nasa, kafaɗunta suka fara rawa, ta ƙara daurewa, ta ƙara. Da ƙarfinta ya ƙare ta turo mini shi, ta kifa kanta waje ta taga, ta saki iskar a kan titi tana haki.

Maigidana ya danna hon a ƙasa. Ta mayar da takunkuminta, ta gyara mayafi, ta ɗauki jakar hannunta.

Ba ta sake zuwa ba, mu kuma ba mu kai mata shi gida ba har Allah ya yi mata rasuwa. Iyakar abin da ɗana ya samu na fuskar kakarsa ke nan, gwargwadon yadda tsohuwa za ta iya riƙe numfashi ɗaya.